Alkawari da Kujera: Nazarin Manufofin Zohran Mamdani a Takarar Majalisar Dokokin Jihar Niyok

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka nan ba a sanin nauyin alkawarin ɗan takara sai an sauke allunan talla, an rantsar da shi, ya zauna a kan kujerar da ya nema. A ranar 4 ga Nuwamba, 2025, mutanen birnin Niyok na ƙasar Amurka suka zaɓi Zohran Kwame Mamdani a matsayin magajin garinsu, Musulmi na farko da ya taɓa samun wannan muƙami. Labarin ya karaɗe duniya, mu ma a wannan nahiya ya ja hankalinmu, domin mutumin haifaffen Kamfala ne ta ƙasar Yuganda. Sai dai murnar ta lulluɓe wani abu da nake ganin ya fi cancantar nazari. Kafin ya zama magajin gari, ya yi shekara biyar yana ɗan majalisar dokokin jiha, kuma ya samu wannan kujera ne da manufofi uku da ya tsaya a kansu a shekarar 2020: gyara dokokin gidajen haya, mayar da wutar lantarki hannun jama'a, da sauya tsarin 'yan sanda da gidajen yari. Shekarun nan biyar sun wuce, don haka ana iya duba kwano a ga abin da aka ci da abin da aka bari.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, manufar ɗan takarar majalisar jiha ana auna ta ne da kujerar da yake nema. Tambayar farko ita ce ko abin da ya yi alkawari yana cikin hurumin majalisar. Ta biyu kuma ita ce ko ya fayyace shi yadda mai zaɓe zai iya dawowa bayan shekara biyu ya ce an yi ko ba a yi ba. Inda manufofin Mamdani suka amsa waɗannan tambayoyi, sun haifar da abin da ake iya taɓawa, ko da bai kai yadda aka so ba. Inda suka kauce musu, shi da kansa ya dawo ya janye maganarsa.

Kujerar da Aka Nema

Jihar Niyok tana da majalisu biyu da ke zama a Albani, babban birnin jihar, wanda ke da nisan kimanin kilomita 240 arewa da birnin Niyok. Majalisar dattawan jihar tana da kujeru 63, ta wakilai kuma 150, kowane ɗan majalisa wa'adinsa shekara biyu. Kujerar da Mamdani ya nema ita ce ta mazaɓa ta 36 a majalisar wakilai, wadda ta ƙunshi unguwar Astoriya a gundumar Kwins. Unguwa ce da baƙi suka raya: Girkawa tun da daɗewa, sannan Larabawan Masar da Maroko, da 'yan Bangaladash, da matasa ma'aikata waɗanda tsadar haya ta koro daga tsakiyar birni.

Jam'iyyar Dimokurat ce ke da unguwar, saboda haka zaɓen fid da gwani shi ne ainihin zaɓe. Wadda ke kan kujerar, Aravella Simotas, lauya ce 'yar asalin Girka da ta riƙe ta tun 2011, kuma ba a san ta da ra'ayin riƙau ba. Mamdani a lokacin yana da shekara 28, bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba. Aikinsa shi ne ba da shawara ga masu ƙaramin ƙarfi da banki ke shirin ƙwace wa gida saboda bashi, kuma ɗan ƙungiyar masu ra'ayin gurguzu ne da ke neman sauyi ta hanyar akwatin zaɓe. An kaɗa ƙuri'a ranar 23 ga Yuni, 2020, ana tsakiyar annobar korona. Sai da aka yi kusan wata guda ana ƙidayar ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya, sannan ta tabbata ya ci da ratar 'yan ɗaruruwa.

Mai karatu zai iya tambayar me ya sa kujera ɗaya cikin 150 ta isa a yi mata dogon sharhi. Amsar tana cikin yadda aka raba iko tsakanin birnin da jihar. Duk girman birnin Niyok, ɗan cikin jiha ne, kuma da yawa daga abubuwan da ke taɓa aljihun talakansa a Albani ake yanke su. Wata doka ta 1971 da aka fi sani da sunan Urstadt ta hana birnin tsaurara ƙa'idojin haya fiye da yadda jiha ta amince. Hukumar da ke tafiyar da jiragen ƙarƙashin ƙasa da motocin bas ta jiha ce, gwamna ke zaɓar shugabanta. Farashin lantarki wata hukumar jiha ce ke amincewa da shi. Ko harajin kuɗin shiga na birnin ba ya ƙaruwa sai da yardar majalisar jiha. Wanda ya ce zai kula da haya da lantarki daga wannan kujera, ƙofar da ta dace ya ƙwanƙwasa.

Amma akwai ɗaya gefen. A Albani manyan dokoki sukan shigo ne ta cikin kasafin kuɗi na shekara, wanda ya kamata a gama kafin 1 ga Afrilu, kuma mutum uku ne ke ƙulla shi a bayan ƙofa: gwamna, kakakin majalisar wakilai, da shugaban masu rinjaye na dattawa. Sabon ɗan majalisa, wanda ya shigo ta hanyar kayar da 'yar gida, ba shi da wurin zama a wannan ɗaki. Abin da yake da shi shi ne ƙuri'a ɗaya, da murya, da jama'ar da zai iya tarawa a waje.

Gidan Haya

Manufarsa ta farko ita ce mafi dacewa da kujerar da kuma halin mazaɓar. Kusan kashi biyu cikin uku na iyalan birnin Niyok 'yan haya ne. Kimanin gidaje miliyan ɗaya ne ke ƙarƙashin dokar ƙayyade ƙarin haya, kuma a 2019, kafin Mamdani ya shigo, majalisar jiha ta toshe ƙofofin da masu gidaje ke bi suna fitar da gidajensu daga wannan doka. Sauran 'yan haya kuwa ba su da wata kariya: wa'adi ya cika, mai gida ya ninka kuɗi ko ya ce a tashi, ba tare da ya faɗi dalili ba. Abin da Mamdani da abokan tafiyarsa suka nema shi ne dokar da za ta hana korar ɗan haya sai da ƙwaƙƙwaran dalili, ta kuma ba shi damar ƙalubalantar ƙarin da ya wuce hankali a gaban alƙali. Sanata Julia Salazar ce ta ɗauki ƙudirin a majalisar dattawa.

Dokar ta samu shiga a kasafin Afrilun 2024, bayan an yi mata aski sosai. Ƙudirin asali ya sa iyakar ƙari a kashi 3 cikin ɗari ko ninki ɗaya da rabi na hauhawar farashi. Wanda aka zartar ya kai ta kashi 10, ko hauhawar farashi da ƙarin kashi 5, duk wanda ya fi ƙanƙanta. An cire masu gidajen da ba su wuce goma ba, an cire gine-ginen da aka yi daga 2009, an cire gidaje masu tsada, aka kuma bar wa garuruwan da ke wajen birnin zaɓin shiga ko ƙi. Duk da haka, ɗan hayan da dokar ta shafa yau yana da abin riƙewa a kotu wanda ba shi da shi a 2020, kuma da babu gara ba daɗi.

Aibin da nake gani a wannan manufa ba a askin da aka yi mata yake ba, domin wannan halin majalisa ne. Aibin yana cikin abin da ta fi mayar da hankali a kai. Doka irin wannan tana kare wanda ya riga ya samu ɗaki, amma wanda ke yawo da jakarsa yana nema ba ta ƙara masa ko ɗaki ɗaya ba. Binciken da birnin ya yi a 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari kaɗai na gidajen haya ne babu kowa a ciki, adadi mafi ƙanƙanta tun 1968. A kasuwar da kaya suka yi irin wannan ƙaranci, mai gida ne ke da wuƙa da nama, kuma sabon shigowa ne ke biyan farashin. Mamdani ya yi kira da gwamnati ta gina gidaje da kanta, amma a farkon tafiyarsa yana kallon 'yan kasuwa masu gini da idon zargi. A 2025, da aka tambaye shi wane ra'ayi ya sauya, sai ya ambaci rawar da 'yan kasuwa za su taka wajen gina gidaje. Na yaba da amsar, sai dai ita ce shaidar cewa manufar 2020 ta ga rabin matsalar ne.

Wutar Lantarki

Manufa ta biyu ta taso ne daga ƙasar mazaɓar kanta. Gaɓar ruwan Astoriya cike take da tashoshin samar da lantarki masu ƙona iskar gas da mai, har ana yi wa yankin laƙabi da lungun masu ciwon asma. A daren 27 ga Disamba, 2018, wata na'ura ta kamfanin Con Edison ta yi gobara a unguwar, sararin samaniyar birnin ya koma shuɗi, mutane suka fito cikin firgici. A bazarar 2019 kuma wuta ta ɗauke a sassan birnin ana tsananin zafi. Kamfanin na 'yan kasuwa ne, ba shi da abokin gasa wajen kai wuta gidaje a yankin, kuma ribarsa daga aljihun mazauna take fitowa. Mamdani ya ce abin da kowa ke buƙata kuma babu mai iya zaɓar wani a madadinsa bai kamata ya zauna a hannun masu hannun jari ba.

An samu nasara biyu a nan. A Oktoban 2021 hukumar kare muhalli ta jihar ta hana kamfanin NRG izinin gina sabuwar tashar gas a Astoriya, ta kafa hujja da dokar sauyin yanayi ta 2019, wadda ta tanadi cewa kashi 70 cikin ɗari na lantarkin jihar ya fito daga makamashi mai sabuntuwa kafin 2030. Mamdani na cikin waɗanda suka jagoranci adawa da tashar. Sannan a kasafin 2023 aka ba hukumar lantarki ta jiha, wadda aka kafa a 1931 zamanin Gwamna Franklin Roosevelt, ikon gina tashoshin hasken rana da na iska da kanta, aka kuma umarce ta da ta rufe ƙananan tashoshinta na gas da ke cikin birni kafin ƙarshen 2030 muddin hakan ba zai jawo ƙarancin wuta ba.

To amma alkawarin da aka ji a 2020 ya fi wannan girma. Kamfanin Con Edison yana nan a hannun masu shi, kuma takardar biyan kuɗin wuta ba ta yi sauƙi ba. Sayen kamfani irin wannan na buƙatar biliyoyin dala da doguwar shari'a, kuma wannan ba aikin wa'adi ɗaya ko biyu ba ne. Ga kuma wata matsala da hana gini kaɗai ba ya warwarewa. A Afrilun 2021 aka rufe tashar nukiliya ta Indian Point da ke ba birnin kaso mai yawa na wutarsa, sai gas ya cike gurbin. A 2024 hukumomin jihar suka amsa cewa da wuya a cim ma kashi 70 ɗin a kan lokaci. Hana tashar gas aiki ne da gangami ke iya yi cikin shekara guda, amma gina abin da zai maye gurbinta yana buƙatar fili da layukan dakon wuta da kuɗi da haƙuri. Manufar ta fi ƙarfi wajen cewa a'a, ta yi rauni wajen bayyana matakan da za a bi daga inda ake zuwa inda ake so.

'Yan Sanda da Gidajen Yari

Manufa ta uku ita ce ta fi amo a lokacin zaɓe, kuma ita ce ta fi saurin lalacewa. An kashe George Floyd a birnin Miniyafolis ranar 25 ga Mayu, 2020, wata guda kafin zaɓen fid da gwanin, zanga-zanga ta cika titunan Amurka. A cikin wannan yanayi Mamdani ya yi rubuce-rubuce a Twitter yana siffanta rundunar 'yan sandan birnin da wariyar launin fata, yana kuma kiran a zabtare kuɗinta. Fushin yana da tushe, domin shekaru da dama 'yan sandan birnin sun yi ta tare matasa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka suna laluben su a titi, har wata kotun tarayya ta ce yadda ake yin hakan ya saɓa wa tsarin mulki a 2013. An kuma daɗe ana leƙen asirin masallatai da shagunan Musulmi bayan harin 2001.

Sai dai kasafin 'yan sandan birni magajin gari da majalisar birni ne ke yin sa. Ɗan majalisar jiha ba shi da ƙuri'a a kai. Wannan ya sa kiran ya zama maganar da ba ta da tsada ga mai yin ta, tunda ranar da za a ce masa ga alƙalami ka yanke ba za ta zo ba muddin yana Albani. Ranar ta zo ne lokacin da ya nemi kujerar da ke da alƙalamin. A 2025 ya bayyana cewa ba zai rage kuɗin 'yan sanda ba, a watan Oktoba ya nemi afuwar jami'an a bainar jama'a, bayan ya ci zaɓe kuma ya roƙi kwamishinar 'yan sanda Jessica Tisch ta ci gaba da riƙe muƙaminta. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Masoyansa na cewa girma ne ya zo masa, masu sukarsa na cewa neman ƙuri'a ne. Ko wanne ne daga ciki, wanda ya zaɓe shi a 2020 saboda wannan magana bai samu abin da aka ce masa ba.

Abin lura shi ne ɓangaren wannan manufa da ke cikin hurumin jiha ya yi tasiri ba tare da hayaniya mai yawa ba. A 2021, shekararsa ta farko a majalisa, an zartar da dokar da ta taƙaita tsare fursuna a ɗakin kaɗaici zuwa kwana 15, da wata da ta rage mayar da mutane kurkuku saboda ƙananan saɓa ƙa'idojin sakin talala. Ba shi ya kawo su ba, amma ƙuri'un irinsa na cikin abin da ya ba su rinjaye. A gefe guda kuma, dokar sassauta beli ta 2019 an yi ta ja da ita baya a 2022 da 2023, masu ra'ayinsa suna ji suna gani.

Abin da Ya Zo Daga Baya

Abubuwa biyu da aka fi tuna shi da su a majalisa ba sa cikin manyan manufofin nan uku, kuma ɗaya daga cikinsu kamar yana karya hujjata, don haka dole in tsaya a kansa. Lasisin tasi a birnin Niyok kadara ce da ake saye da sayarwa. Farashinsa ya haura dala miliyan ɗaya wajen 2014, direbobi, akasarinsu baƙin haure daga Kudancin Asiya da Afirka da tsibiran Karebiyan, suka ci bashi suka saya, hukumar birni kuma tana tallata shi tana samun kuɗi. Da Uber da Lyft suka shigo, farashin ya faɗi warwas, bashin ya tsaya yadda yake. A 2018 direbobi da dama suka kashe kansu. A kakar 2021 ƙungiyar direbobin, ƙarƙashin jagorancin Bhairavi Desai, ta yi zaman dirshan a ƙofar fadar magajin gari, daga baya ta shiga yajin cin abinci. Mamdani ya yi kwana 15 yana yajin tare da su. Ranar 3 ga Nuwamba aka cim ma yarjejeniya: a rage bashin kowane direba zuwa dala 170,000, biyan wata kada ya wuce dala 1,122, birni kuma ya tsaya a matsayin mai lamuni.

Wannan lamari na birni ne, kamar kasafin 'yan sanda, amma ya yi nasara. Bambancin yana cikin tambaya ta biyu. Direbobin sun zo da buƙata mai lamba, wadda ake iya rubutawa a takarda a sa hannu, sun san wanda zai sa hannun, kuma sun yi shekaru suna shirya kansu. Abin da ɗan majalisar ya kawo shi ne jikinsa da sunan kujerarsa, waɗanda suka jawo 'yan jarida da manyan 'yan siyasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan jinkar direbobi ce, su suka saƙa ta.

Na biyu shi ne bas kyauta. Tare da Sanata Michael Gianaris ya matsa har aka sa dala miliyan 15 a kasafin 2023 don gwaji a layuka biyar, ɗaya a kowace gundumar birnin. Gwajin ya fara a Satumban 2023, ya yi kusan shekara guda. Fasinjoji sun ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari a ranakun aiki da 38 a ƙarshen mako, kai wa direbobi hari kuma ya ragu, tunda babu sauran rikicin kuɗin mota. Amma motocin ba su ƙara sauri ba, kuma mafi yawan masu hawa dama fasinjojin hukumar ne. A birnin da bas ke tafiyar kilomita 13 a awa, mai gaggawar zuwa aiki yana buƙatar hanyar bas ta musamman kamar yadda yake buƙatar rangwame. Kasafin 2024 bai sabunta gwajin ba. A ganina wannan ita ce manufarsa mafi tsabta ta fuskar tsari, domin tana cikin hurumin jiha, tana da farashi, tana da wa'adi, ta kuma bar alƙaluman da masoyi da maƙiyi za su yi gardama a kansu.

Ina Kuɗin?

Yawancin masu manufofi irin waɗannan a nan suke tuntuɓe, amma Mamdani bai ɓoye amsarsa ba: a ƙara wa attajirai da manyan kamfanoni haraji. A kasafin Afrilun 2021 hakan ya faru. Harajin masu samun fiye da dala miliyan 25 a shekara ya kai kashi 10.9 cikin ɗari, aka kuma ware dala biliyan 2.1 don ma'aikatan da tallafin korona na tarayya bai shafa ba, akasarinsu marasa takardun zama. Sai dai yanayi ne ya ba da dama: jam'iyyar tana da rinjayen kashi biyu cikin uku a majalisun biyu, Gwamna Andrew Cuomo kuma zarge-zarge sun raunana shi har ya yi murabus a Agustan shekarar. Wadda ta gaje shi, Kathy Hochul, ta riƙa ƙin ƙara harajin kuɗin shiga. Akwai kuma haɗarin da manufar ba ta cika tattaunawa ba, wato 'yan tsirarun masu kuɗi ne ke biyan kaso mai yawa na harajin jihar, saboda haka duk shekarar da kasuwar hannun jari ta faɗi, asusun da aka jingina bas da gidaje a kansa zai girgiza.

Hukunci

Ƙudirorin da Mamdani ya gabatar da sunansa suka zama doka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma abokan hamayyarsa sun yi ta nanata hakan. Ba na ɗaukar wannan a matsayin ma'auni mai adalci a majalisar da manyan abubuwa ke wucewa ta cikin kasafi, ba kuma na yarda da masu danganta masa kowace nasara, alhali wasu ne suka rubuta ƙudirorin, ƙungiyoyi kuma suka yi shekaru suna tura su. Hukuncin da na ga ya dace shi ne, manufofinsa sun gano ciwon mazaɓar daidai, biyu daga cikin ukun sun je asibitin da ya dace, kuma kowacce ta samu rabin magani. Ta ukun ta fi sauran daɗin ji a ranar gangami, kuma ita ce mai ita ya janye.

Wannan ma'auni ya shafe mu kai tsaye, domin mu ma muna da majalisun dokokin jihohi, kuma ikonsu ba ƙarami ba ne. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba su yin doka, da amincewa da kasafi, da binciken yadda aka kashe kuɗi, da tsige gwamna. Majalisar Kaduna ta nuna wannan ƙarfi tun a Jamhuriya ta Biyu, lokacin da ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981. Gyaran tsarin mulki na Maris ɗin 2023 ya ba jihohi damar yin doka kan samar da lantarki da rarraba shi, da kan gidajen gyaran hali, da jiragen ƙasa. Jihar Legas tana da dokar haya tun 2011 da ta taƙaita kuɗin da mai gida zai karɓa gaba ɗaya. Ke nan haya da wuta da kurkuku, abubuwan da aka yi takara a kansu a Astoriya, suna cikin hurumin ɗan majalisar da ke neman ƙuri'armu. Amma abin da muka saba ji daga bakinsa shi ne rijiyar burtsatse da babura da biyan kuɗin jarrabawa, ayyukan da ko dai na ɓangaren zartarwa ne ko na aljihunsa, mu kuma ba mu cika tambayarsa wace doka zai kawo ba, ko yadda zai kaɗa ƙuri'a ranar kasafi.

Shi kuwa Mamdani, manyan alkawuran da ya hau kujerar magajin gari da su, kamar bas kyauta a duk faɗin birni da renon yara kyauta, suna buƙatar ɗaruruwan miliyoyi har zuwa biliyoyin dala kowace shekara, harajin da ya ce zai biya su kuma ba shi da ikon sa shi. Dole ya koma Albani ya nemi yardar gwamna da majalisar da ya baro, ciki har da wanda ya gaje shi a mazaɓa ta 36. Masu zaɓen da suka ɗauki takarar majalisar jiha a matsayin ƙaramin zaɓe za su ga cewa a can ne za a yanke ko alkawuran magajin garinsu za su cika.